Gyaran Bakin Anaruwa Mai Fito

A shekara ta goma sha bakwai ta sarautar Sarki Dambo na Dargaza, damina tana shirin ɗaukewa, gulbi ya cika maƙil, aka kashe Ciroma Bagudu, babban ɗan Sarki, a mashigin yamma. Mashi aka jefe shi da shi ta baya. Gandunsa ya je dubawa a ƙetare, shi kuwa Ciroma, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai garaje, kullum sai ya baro barorinsa a baya ya sukwano shi kaɗai. Ranar ma haka ya yi. Kafin su iso bakin ruwa an gama, makasan sun shige kurmi.

Mutum ɗaya ne ya ga abin, Anaruwa mai fito. Shekara talatin yana ƙetarar da mutane a mashigin nan, kuma duk Dargaza an san shi da abu guda: ba ya ƙarya. Ba wai ya fi kowa tsoron Allah ba ne, shi dai bai iya ba. Ko a hira ya so ya ɗan ƙara gishiri, sai in'ina ta kama shi, a yi ta yi masa dariya. Yana gaɓar gabas yana kwashe ruwan da ya shiga jirginsa, abin ya faru a gaɓar yamma, da la'asar sakaliya, rana tana dukan ruwa tana komowa cikin idonsa.

Shi ya tuƙa ya ɗauko gawar. Wadda ya fara tsayawa a gabanta ita ce Magajiya Delu, yayar Sarki, don mashigin a hannunta yake, gidanta kuma yana daf da Ƙofar Gulbi. Ta tambaye shi me ya faru, ya faɗa mata. Ya ce ƙara ya ji, ya ɗaga kai, ya hango mahaya uku ko huɗu, baƙi ƙirin kamar kututture saboda rana tana bayansu. Ɗaya ya ɗaga hannu, wani ya faɗo daga kan doki. Ta ce fuskokinsu fa? Ya ce bai gani ba. Launin dawakin? Shi ma bai gani ba. Iyakar abin da Anaruwa ya sani ke nan a ranar, rigarsa ko bushewa ba ta yi ba.

To, a fadar Dargaza talaka ba ya ba Sarki labari da bakinsa. An ce wani Sarki ne can da ya gaji da surutun masu kawo ƙara, irin wanda za a tambaya wa ya sace masa akuya ya faro daga ranar da aka haifi uwar akuyar. Sai ya kafa doka: duk mai shaida a kai shi gidan wani basarake ya kwana uku, basaraken ya tattara maganarsa ya tsefe ta. Ranar zaman fada basaraken ne zai riƙa faɗa, talaka nasa kawai ya amsa da "Haka ne." Wannan suke kira gyaran baki. Fadawa har alfahari suke yi da shi, wai a fadarsu ba a ɓata wa Sarki lokaci. Ni dai ban ga abin alfahari a ciki ba.

Galadima Cindo ne ya roƙa a ba shi Anaruwa, aka ba shi. Shi Galadima shekara goma ke nan ba sa ga-maciji da Madawaki Jatau, shugaban mayaƙan Dargaza, wanda sau uku yana korar rundunar Tudun Marke daga kan iyaka. Kowace nasara sai shimfiɗar Jatau ta ƙara matsowa kusa da ta Sarki, Galadima yana kallo yana haɗiyar zuciya. Ga shi kuma kwana bakwai kafin kisan, Madawaki da Ciroma sun yi cacar baki a gaban fada a kan wanda zai ja gaban runduna in yaƙi ya taso, har Madawaki ya ce masa in bai bar yawo shi kaɗai ba, ba zai ga furfurarsa ba. Kowa ya ji wannan magana. Kada wani ya ce Galadima zama ya yi ya ƙulla ƙarya. Tun da labarin ya iso kunnensa zuciyarsa ta ba shi Jatau ne, abin da yake nema kawai a tabbatar masa.

Ba a daki Anaruwa ba, ba a yi masa ko tsawa ba. Kilishi aka shimfiɗa masa, aka kawo tuwon shinkafa da miyar kaza, mutumin da bai taɓa zama kan abin da ya fi tabarmar kaba laushi ba. Da hantsi Galadima ya zo ya zauna kusa da shi, kamar wani tsohon aboki.

Ya ce, "Anaruwa, lokacin da dandan nan ya yi tsaye da ƙafafun baya, kafin jifan ne ko bayansa?"

Danda shi ne doki mai farin goshi da fararen ƙafafu, kuma a duk Dargaza Madawaki kaɗai ke hawan irinsa. Anaruwa ya ce, ransa ya daɗe, shi bai ce danda ba. Galadima ya yi murmushi, ya ce ai ba laifi, amma ya natsu ya tuna, bai ga wani fari-fari ta wajen ƙafafun ba? Anaruwa ya sunkuyar da kai. Akwai ƙyallin rana a bakin gaɓa, akwai ruwan da kofato ke fantsalawa, ga kuma babban mutum ya zuba masa ido yana jira. Ya ce kamar dai akwai. Galadima ya ce madalla, ashe idonsa ya fi bakinsa sani.

Kashegari maganar hannu aka shiga. Madawaki bahago ne, ko yaron goye a garin ya sani. Galadima bai tambaya da wane hannu aka yi jifan ba, cewa ya yi hagun da aka ɗaga, sama aka kai shi sosai ko daidai kafaɗa? Anaruwa ya ɗaga damansa, ya ɗaga hagunsa, ya rikice, don wanda ke fuskantar ka hagunsa yana daidai damanka. Sai Galadima ya miƙe ya tsaya a bakin ƙofar zaure, haske a bayansa, ya ɗaga sanda da hagu kamar mai jifa, ya ce, "Haka?" Anaruwa ya duba, ya ga baƙar inuwar mutum da hannu a sama, daidai irin wadda ke damunsa tun ranar. Ya ce haka ne. Daga sa'ar nan, duk lokacin da ya nemi ya tuno gaɓar yamma, hannun nan na hagu ne yake fito masa.

A rana ta uku ba a ma tambaye shi ba. Shi da kansa ya aika a kira Galadima, ya ce ya tuno gemun, ya tuno tabon sara da ke bisa girar hagu, irin na Madawaki. Ina zai rasa tunowa, mutumin da ya ƙetarar ya fi sau ɗari? Fuskar tana nan ajiye a kansa, wuri kawai aka buɗe mata ta zauna. Yana faɗa yana kuka, don yana son Madawaki, wanda bai taɓa shiga jirginsa bai tambaye shi lafiyar iyali ba. Wannan ne abin da ke ba ni tsoro a labarin nan. Da maƙaryaci aka saya, da sauƙi, ana iya kama shi. Nan kuwa mai gaskiya aka zuba wa abin da bai gani ba, ya riƙe shi da duk gaskiyarsa.

Da safiyar ranar zaman fada, fatar babban tambari ta tsage ba wanda ya taɓa ta. Ungulaye kuma suka jeru a kan soron ƙofar fada, aka kora, suka dawo. Malaman fada wasu suka ce alhinin Ciroma ne, wasu suka dubi juna kawai. Ana cikin haka manzo ya iso daga kan iyakar yamma, dokinsa sharkaf da gumi, ya ce mutanen Tudun Marke suna tara dawakai, maƙeransu ba sa hutawa. Madawaki ya taho da sauri neman izinin fita da runduna. A bakin ƙofa dogarai suka karɓe takobinsa, abin da ba a taɓa yi masa ba. Nan ya sha jinin jikinsa.

Sarki Dambo yana zaune, idanunsa jawur, kwana huɗu abinci bai ratsa maƙogwaronsa ba. Aka shigo da Anaruwa ya durƙusa can nesa. Galadima ya faɗi ya yi gaisuwa, ya miƙe.

Ya ce, "Allah ya ja zamanin Zaki. Ga talakanka mai fito, an gyara masa baki yadda kakanni suka tsara. Anaruwa, ka ga danda a gaɓar yamma?"

"Haka ne."

"Mahayinsa da hagu ya yi jifa?"

"Haka ne."

"Ka ga tabo a bisa girarsa?"

"Haka ne, ranka ya daɗe."

Ba wanda ya ambaci suna, ba wanda kuma bai juya ya dubi Madawaki ba. Sai Magajiya Delu ta yi gyaran murya daga inda take zaune a daman Sarki. Ita kaɗai ce a ƙasar ke iya magana ba a ba ta izini ba.

Ta ce, "Zaki, ni na goye ka, kuma wanda aka kashe ni ma ɗana ne. Ba zan kare mai jininsa a hannu ba. Amma mutumin nan ni ya fara gaya wa, gawar tana kwance a jirginsa. Ya ce mini mutum uku ko huɗu, ba fuska, ba launi, rana a idonsa. Yau ga doki, ga hannu, ga tabo. A gulbi bai gan su ba. A zauren Galadima ya same su. Ina roƙo a bar shi ya faɗi abin da ya gani da bakinsa, daga farko, ba mai sa masa kalma."

Manyan fada suka hau gunaguni, wai ina aka taɓa yin haka, talaka ya buɗe baki ya yi ta zuba a gaban Sarki, ai wannan rushe fada ne. Galadima ya amsa a natse. Ya ce Magajiya ta faɗi gaskiya, amma ranar mutumin a firgice yake, wanda ya ɗauko gawar ɗan Sarki ina ya ga hankalin tuna launin doki? Da ya ci ya ƙoshi ya huta, abin ya dawo masa, kuma ai amfanin kwana ukun ke nan. Maganar ta yi daɗin ji, kawuna suka yi ta gyaɗawa.

Sarki ya juya ga yayarsa, ya yi mata tambaya ɗaya tak.

"Yaya, tun da kike da mutumin nan, kin taɓa jin ya yi ƙarya?"

Magajiya ta san inda amsar za ta kai, amma ita ma ba ta saba da ƙarya ba. Ta ce, "Ban taɓa ba."

Aka ba Madawaki izinin magana. Ya ce ranar ya fita shi kaɗai duba fadamun arewa, ya ga inda doki zai iya ratsawa in abokan gaba suka zagayo, kuma ba shi da mai shaida sai Allah. Faɗan da ya yi wa Ciroma, ya ce, don yana so ya ga yaron ya tsufa ne. Sa'an nan ya yi abin da al'ada ba ta yarda ba, ya juya ga talakan kai tsaye.

"Anaruwa, ɗago ka dube ni. Ni ka gani?"

Anaruwa ya ɗago, hawaye har gemu. Ya ce, "Kai na gani, ranka ya daɗe. Da ma Allah ya makantar da ni ranar."

Ko in'ina ɗaya bai yi ba, kuma duk fada ta lura da haka. Madawaki ya zuba masa ido yana neman alamar tsoro ko ta cin hanci, bai samu ba, sai tausayi. Mutumin da ya tsaya gaban mashi dubu bai girgiza ba, ya rasa yadda zai yi da mai fito ɗaya da ke kuka dominsa. Ya juya ga Sarki ya ce ya ga hukunci ya riga ya sauka, ba zai roƙi ransa ba, abu ɗaya yake roƙo: in mutanen Marke suka zo, kada a ƙetare musu gulbi, a bar su su shigo ruwan da kansu.

Washegari da hantsi Hauni, mai sare kai, ya cika aikinsa a kan Madawaki a ƙofar fada. Magajiya ta rufe gidanta, ta ce kada a ƙara kiran ta zaman shawara. Barade suka koma gidajensu shiru, wasu suka kwance lifidin dawakinsu suka rataye. Ba wanda ya yi tawaye, amma duk wanda ya san yaƙi ya ga garin ya san an karye masa ƙashin baya.

Kwana tara bayan haka rundunar Tudun Marke ta sauka a gaɓar yamma. Sarki ya danƙa wa Galadima tuta. Tsofaffin barade suka tuna masa da wasiyyar Madawaki, ya ce shi ba zai ɗauki shawarar mai cin amana ba, kuma Dargaza ba ta zama tana jiran a zo a same ta. Ya sa aka tattaro jirage, aka fara ƙetarawa da sassafe, mutane a ciki, dawakai suna iyo ana riƙe da linzaminsu. Markawa suka yi lamɓo a cikin kurmi kamar ba kowa. Sai da rabin runduna ta taka gaɓa, sirdi a jiƙe, dawakai suna haki, rabi kuma tana tsakiyar ruwa, sa'an nan ƙahoni suka tashi.

Kibau suka fara zubowa, bayansu mahaya suka fito ta gefe biyu. Na gaɓa ba su samu ko jera sahu ba, aka tura su baya cikin gulbi, suka auka wa jiragen da ke tafe. Jirgi ya kife kan jirgi. Masu sulke suka nutse kamar duwatsu, dawakai suna haniniya suna tattake iyayen gijinsu a cikin laka. Barade suna waige-waige suna neman inda umarni zai fito, babu. Kafin rana ta take tsaka an gama. Galadima ya tsira, ya shigo Ƙofar Gulbi ba rawani ba takalmi, da kibiya a cinya. Cikin kowane mutum uku da suka fita, ɗaya ne ya dawo.

Da azahar jakadan Sarkin Marke ya ƙetaro da farin ƙyalle a kan sanda. Aka kai shi gaban Sarki Dambo. Bai faɗi ba, rusunawa kawai ya yi, ya warware wani ƙunshi ya ajiye takobi a ƙasa. Duk fada ta gane kuben, na Ciroma ne.

Ya ce, "Ubangidana yana gaishe ka. Ya ce a mayar maka da takobin ɗanka, don ya san zafin ɗa. 'Yan leƙen asirinmu huɗu ne suka ci karo da shi a mashigi, suka ji tsoron ya tona su. Biyu suna raye, in kana so ka ji daga bakinsu. Ya kuma ce a yi maka godiya. Shekara ashirin muna neman kan Jatau da mashi ba mu samu ba, kai ka ba mu shi da hantsi ɗaya. Yana jiran ka buɗe masa ƙofa kafin jibi."

Aka fita da jakada. Galadima ya kifa fuskarsa a ƙasa bai iya ɗagowa ba. Sarki bai ko dube shi ba, ya ce a kawo masa mai fito. Aka same shi a bakin gulbi yana tsamo gawawwaki, aka taho da shi da lakarsa. Wani bafade ya matso zai yi tambaya bisa al'ada, Sarki ya ɗaga masa hannu. Ya sauko daga kan gado, ya zo ya tsaya a gaban talakansa, abin da ba a taɓa gani ba a Dargaza.

Ya ce, "Ga takobin ɗana, Markawa suka kawo, sun ce su suka kashe shi. Yanzu ba mai sa maka magana. Me ka gani a ranar?"

Anaruwa ya dubi takobin, ya dubi Sarki, ya rufe ido ya daɗe. Ana ganin yadda yake ƙoƙari, jijiyoyin goshinsa duk sun tashi. Yana neman baƙaƙen inuwoyin nan uku ko huɗu da ya gaya wa Magajiya, ya san ya faɗa, amma ya laluba ko'ina bai same su ba.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, na ji abin da suka ce, kuma na yarda ba ƙarya suke yi ba. Amma ko yanzu da na rufe ido, ga danda nan, ga hagun a sama, ga tabon. Wallahi ina ganin sa kamar yadda nake ganin ka. Ban san yadda zan fitar da shi ba."

Sarki ya tsaya kamar an dasa shi. Ba wanda zai kashe a kan wannan ya huce, mutumin gaskiyarsa yake faɗa. Daga bisa ganuwa aka fara jiyo gangunan Marke, sun matso bakin ruwa, mai gadin ƙofa ya shigo a guje ya ce sun fara haɗa jirage, a ba da umarni, wa zai tsare Ƙofar Gulbi?

Sarki Dambo ya juya da sauri ga shimfiɗar da ke kusa da tasa, bakinsa ya riga hankalinsa.

Ya ce, "Madawaki."

Fadawa suka sunkuyar da kai. Shimfiɗar ba kowa a kanta.